Daga Windows zuwa MacBook: wane kayan shago ne zai bi ka, wanne zai ƙi?

Tambaya: Ina da shagon buga takardu. Kwamfutata HP ce ta kan tebur, Core i5 ƙarni na 6, tana kan Windows 10, kuma ta ƙi karɓar Windows 11. Ƙanena ya ce zai aiko mini da MacBook Air M1, in sayar da tsohuwar. Kayan aikina su ne firinta HP LaserJet 1020, Epson L3110, sikana Canon LiDE 110, rumbun ajiya na waje mai 1TB, allo biyu masu VGA, modem na USB, da na'urar ɗaukar yatsa da nake yi wa ɗalibai rajista da ita. Duk za su yi aiki da Mac ɗin?

Amsa:

Malam, ka karɓi Mac ɗin ka yi wa ƙanenka godiya, amma kada ka sayar da HP ɗin. Cikin kayan da ka lissafa, wasu za su kama aiki nan take, wasu sai da dabara, na'urar yatsa kuwa ka cire rai da ita. Kuma da alama ita ce mai kawo maka kuɗi mafi kauri a lokacin rajista.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne bakin waya. Sai mutum ya ga ai duk USB ne, in bakin bai shiga ba a sayo adafta, shi ke nan. Adafta bakin kawai take gyarawa. Bayan bakin akwai direba, 'yar manhajar nan da ke gaya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da na'urar, kuma direban Windows ba ya hawa kan Mac ko kusa. Saboda haka kowace na'ura a shagonka tambaya ɗaya za ka yi mata: tana bin ƙa'idar gama-gari da kowace kwamfuta ta riga ta sani, ko sai da direban kamfaninta? In ta gama-gari ce, ba ka da damuwa. Kibod, mawus, fulash, yawancin kyamarorin USB da makirfo duk a wannan layin suke, direbansu yana cikin macOS tun daga masana'anta. In kuwa sai da direban kamfani, to abin ya koma hannun kamfanin: ya rubuta wa Mac? Ya sabunta shi bayan 2020?

Shekarar 2020 na da muhimmanci domin a watan Nuwambanta ne Apple ya fito da M1, ya bar furosesar Intel ya koma tasa, mai ginin ARM, wani tsarin furosesa da ya bambanta da na Intel. Manhajojin da aka rubuta wa tsofaffin Mac masu Intel suna ci gaba da aiki ta hanyar wata mai fassara da ake kira Rosetta 2, amma Rosetta ba ta fassara direbobin da ke shiga can cikin zuciyar tsarin. Kafin wannan ma, tun macOS Catalina ta 2019 aka rufe ƙofa ga duk manhaja mai 32-bit. Ke nan in ka ga an rubuta "Mac" a jikin kwalin na'urar da aka ƙera a 2010, wannan rubutun bai ce komai ba game da kwamfutar da ake shirin aiko maka.

Bari in fara da LaserJet 1020, don na san ita ce ke ɗauke da shagon, kuma ita ce mai dogon bayani. Firinta ce mai juriya, tonarta 12A tana ko'ina, kowane mai gyara ya san cikinta. Amma arahar da ta yi lokacin da ta fito a 2005 ta samo asali ne daga cire mata ƙwaƙwalwa. Manyan firintocin ofis suna karɓar shafi da harshen PCL ko PostScript, su zana shi da kansu. Ita 1020 ba ta iya wannan. Kwamfutar ce ke zana shafin gaba ɗaya, ta mayar da shi ɗigo-ɗigo da wani harshe na musamman, sannan ta tura mata. Ma'ajiyarta 2MB ce kacal. Har 'yar manhajar da ke tafiyar da ita ba ta riƙewa: duk sanda aka kashe ta aka kunna, sai kwamfuta ta sake ɗura mata kafin ta buga ko layi ɗaya. A Windows direban HP ne ke yin wannan a ɓoye, shi ya sa ba ka taɓa lura ba.

HP bai taɓa fitar wa 1020 da direban Mac a hukumance ba. Abin da mutane suka daɗe suna yi shi ne su saka tsohon kunshin direbobin HP da Apple ya rarraba, su zaɓi na LaserJet 1022, 'yar'uwarta, su lallaɓa. Wasu yana yi musu, wasu kuma takardar ta tsaya a layin jira ba ta fita. Ko ya yi maka yau, a kan Rosetta yake tafiya, Apple kuma ya sanar a 2025 cewa Rosetta za ta ci gaba da cikakken aiki zuwa macOS 27 ne, daga nan a rage ta ƙwarai. Mutumin da ke buga takarda biyu a wata a gidansa zai iya zama da wannan. Kai da ɗalibi ke tsaye a kanka da furojet mai shafi 80 wanda zai miƙa gobe da safe, ban ba ka shawara ba.

Wani zai ce maka ka bar firintar a jikin HP ɗin, ka raba ta ta netwok, Mac ta riƙa turowa. Yana da daɗin ji, amma yawanci Windows miƙa abin da aka turo kawai take yi, ba ta sake zana shafin, don haka har yanzu Mac ɗin na buƙatar direban da babu. Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce ka adana aikin a matsayin PDF, ka jefa shi a foldar da kwamfutocin biyu ke gani, ka buga daga Windows. PDF ɗin ma zai hana rubutun sauya fasali saboda bambancin haruffa tsakanin kwamfutocin.

Epson L3110 labarinta ya fi sauƙi. Epson yana fitar mata da direban Mac, na bugawa da na sikan, mai suna Epson Scan 2. Ka sauke shi daga shafin Epson kai tsaye, ka manta da faifan da ya zo cikin kwali, ga shi MacBook ba ta da wurin faifai ma. Abu ɗaya za ka riƙe a zuciya: ranar da fitilunta suka fara ƙyaftawa tana cewa soson shan tawada ya cika, manhajar da masu gyara suka saba sake saita lissafin da ita ta Windows ce. Wani dalilin ke nan na barin HP a kusurwar shago.

Tunda L3110 tana da gilashin sikan a kanta, matsalar Canon LiDE 110 ta ragu da kanta. In duk da haka kana son ta, shiga shafin Canon, ka zaɓi samfurinta, ka duba wace macOS ce ta ƙarshe a jerin. In ba ta kai wadda ke kan Mac ɗinka ba, akwai VueScan, manhajar kuɗi da ke ɗauke da nata direbobin na dubban tsofaffin sikanoni. Tana bari a gwada kyauta, sai dai za ta buga tambarinta a kan hoton har sai ka biya. Ka gwada tukuna, in fitilar sikanar ta yi tafiya hoton ya fito, sannan ka yi maganar kuɗi.

Yanzu rumbun ajiya, inda ake yin asarar da ba ta dawowa. Rumbun da ya yi rayuwarsa a Windows kusan tabbas tsarin NTFS ne a kansa. Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai. Ga yadda abin zai zo maka: ka jona shi, alamarsa ta fito a allo, ka buɗe ka ga duk foldodinka, ka buɗe hoton fasfon wani kwastoma lafiya lau. Sai ka ja sabon fayil za ka jefa ciki, ya ƙi shiga. Ka nemi sauya sunan folda, babu hali. A daidai nan ne wani mai son taimako zai ce a buɗe Disk Utility a danna Erase a "gyara" shi. Wannan maɓallin fomat ne, zai share aikin shekaru cikin daƙiƙu. Haka kuma Time Machine, mai ajiye kwafin Mac, tana iya tambayarka ko ta yi amfani da rumbun, kuma in ka amince sai ta nemi goge shi. Duk tambayar da ta fito a ranar farko game da wannan rumbun, amsarta a'a ce.

Mafita biyu ce. Ko ka sayi manhaja irin Paragon NTFS ko Tuxera da ke ba Mac damar rubutu, ko ka kwashe komai zuwa wani wuri, ka tabbatar kwafin yana buɗewa, ka yi wa rumbun fomat zuwa exFAT wanda Windows da Mac duk suke karantawa su rubuta, sannan ka mayar da kayan. Ni na fi son ta biyu, amma da sharaɗi. exFAT ba shi da littafin bibiya irin na NTFS da ke taimaka wa rumbu ya farfaɗo in an katse shi yana tsakiyar rubutu. In aka ɗauke wuta yana jikin kwamfutar tebur marar UPS, ko yaron shago ya fizge waya bai danna cirewa ba, ya fi saurin rikicewa. Don haka exFAT na jigila ne tsakanin kwamfutoci biyu, kada ya zama nan ne kaɗai aikinka yake. Kada kuma ka zaɓi FAT32, ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, bidiyon biki guda zai ƙure shi. In ka taɓa kulle rumbun da BitLocker, ka cire kullen gaba ɗaya tun a Windows, Mac ba ta san wannan kwaɗon ba.

Fulash ɗin kwastomomi ba matsala, yawancinsu FAT32 ne ko exFAT. Har da wata riba: ƙwayar cutar nan da ke ɓoye foldodi ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu ba ta tashi a Mac. Sai dai Mac ba ta kashe ta, tana nan cikin fulash ɗin, za ta kama Windows ta gaba. Mac kuma tana barin wasu ƙananan fayiloli masu farawa da ɗigo a duk fulash ɗin da ta taɓa. Kai ba za ka gan su ba, mai Windows yana iya ganinsu ya dawo yana cewa ka sa masa cuta. Ba cuta ba ce.

Akwai abin da ba ka lissafa ba, alhali kullum yana shigowa shagonka, wato wayar kwastoma. Mutum ya miƙo Tecno ko Infinix ya ce takardar tana ciki. A Windows waya kake sokawa ka buɗe ta kamar fulash. Mac ba ta buɗe wayar Android haka da kanta, sai ka saka manhaja irin OpenMTP, ko ka ce ya turo ta WhatsApp. Mai iPhone ne zai ji daɗi, AirDrop ya wadatar. Ka duba yawan masu Android cikin masu shigo maka, ka auna da kanka.

Allo biyun nan, ɗaya kawai za ka mora. MacBook Air M1 allon waje guda take ɗauka, iyakar da aka gina ta da ita ke nan, ba laifin adafta ba ne. In ka sayi adafta mai bakin allo biyu, hoto iri ɗaya za ka gani a duka. Akwai masu fasahar DisplayLink da ke zagaye wannan iyaka da taimakon manhaja, amma sun fi tsada, kuma ban ga dalilin kashe wannan kuɗin a kan allon VGA ba. Allo ɗaya da adaftar USB-C zuwa VGA ya isa, ko da yake rubutun Mac yakan ɗan yi dishi-dishi a tsofaffin allo. Ka tuna kuma MacBook ɗin baki biyu kacal gare ta, duka USB-C, ɗaya kuma caja za ta cinye. Dole ka sayi adafta mai baki da yawa, kuma ka sayi mai kyau wadda caja ke bi ta cikinta, don mai araha takan saki rumbu yana tsakiyar kwafi in kaya sun yi mata yawa. Kibod da mawus ɗinka za su yi. Maɓallin Windows zai zama Command, kuma da shi ake kwafi da liƙawa a maimakon Ctrl, yatsunka za su yi 'yan kwanaki suna gardama.

Modem na USB iri biyu ne. Wanda in ka soka sai ka buɗe burawuza ka ga shafinsa, yakan yi, don kwamfuta na ɗaukarsa kamar katin netwok. Wanda kuma ke buɗe tasa manhajar mai maɓallin haɗawa, in tsoho ne, da wuya. Ban ga abin wahala a nan ba, MiFi ko hotspot na wayarka ta Wi-Fi ya kashe maganar.

Sai na'urar yatsa. A nan matsalar hawa biyu ce: direban na'urar, da manhajar rajistar da hukumar ke ba masu shago, wadda duk irin da na sani ta Windows ce. Na san abin da za a gaya maka, wai ai ana sa Windows a cikin Mac. A tsofaffin Mac masu Intel gaskiya ne, akwai Boot Camp da ke mayar da Mac cikakkiyar kwamfutar Windows. A M1 babu Boot Camp. Abin da ake yi shi ne a saka Parallels ko VMware Fusion a kunna Windows 11 a ciki, kuma Microsoft ya amince da hanyar Parallels ɗin tun 2023. Amma wadda ke tashi a ciki Windows ce ta ARM. Tana iya tafiyar da manhajojin Intel na yau da kullum ta hanyar kwaikwayo, ba ta iya ɗaukar direbobin Intel. Dole direba ya zama an rubuta shi musamman don ARM, tsofaffin na'urorin yatsa da tsofaffin firintoci kuwa ba kasafai suke da shi ba. Ke nan za ka biya kuɗin Parallels, ka biya lasisin Windows, ka raba RAM mai 8GB da ƙaramar M1 ke zuwa da shi gida biyu, ƙarshe manhajar rajista ta buɗe ta ce ba ta ga na'ura ba. Wannan tarkon ne ke kama masu ɗinkin kwamfuta da masu injin yankan sitika da manhajarsu ke neman makullin USB kafin ta buɗe.

Kuma kada ganin sunan na'ura ya yaudare ka. In ka buɗe System Information a Mac ka shiga sashen USB, za ka ga sunan duk abin da ka soka, har da lambarsa. LaserJet 1020 ma za ta fito, da lambar HP 03f0 da tata 2b17, lambobin da Device Manager ke nuna maka a Windows. Kamar baƙo ne ya yi sallama ya faɗi sunansa a zaure, amma babu mai jin yarensa a gidan. Shaidar aiki guda ce, takarda ta fito, hoto ya shigo, yatsa ya hau.

To ita HP ɗin fa, tunda daga nan maganar ta taso? Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, da furosesar Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, shi ya sa taka ta ƙarni na 6 ta tsaya a ƙofa. Daina tallafi ba ya kashe kwamfuta, facin tsaro ne ke daina zuwa. Microsoft ya buɗe shirin ƙarin facin tsaro mai suna ESU ga masu amfani na gida zuwa 13 ga Oktoba 2026. Bayan wannan, abin da zan yi in ni ne, in rage mata shiga intanet zuwa abin da ya zama dole, in daina buɗe asusun banki a kanta, in bar ta da bugawa. In kuma rajistar na buƙatar intanet kullum, kwamfutar tebur ta hannu mai ƙarni na 8, irin HP EliteDesk 800 G4 ko Dell OptiPlex 7060, za ta ɗauki Windows 11, kuma duk kayanka bakwai za su ci gaba da aiki da direbobin 64-bit da ka saba da su. Wannan ita ce hijira mafi arha a gare ka, don ba ka sauya gida ba.

Wasu za su kawo maka Linux Mint. Ba shawarar banza ba ce. Abin mamaki, 1020 da LiDE 110 sun fi samun gata a Linux fiye da Mac, saboda masu sa kai sun rubuta musu direbobi tuntuni, kuma Linux na rubutu a NTFS. Za ka iya kunna ta daga fulash ka gwada kayanka ba tare da ka taɓa Windows ɗin ba. Amma na'urar yatsa da manhajar rajista za su tsaya a inda suka tsaya a Mac, CorelDRAW ma babu shi a can. A Mac akwai shi, ya dawo tun 2019, sai dai Publisher da Access ba su taɓa zuwa ba, in kana da tsofaffin katunan biki a Publisher ka mayar da su PDF tun yanzu.

Mac ɗin tana da wurinta a shagon. Batirinta na kai mutum yini ana aikin rubutu da zane, ba ta da fanka balle ta sha ƙura, in an ɗauke wuta kai kana ci gaba da tsara aiki har a tayar da janareta. Ka yi zane da gyaran hoto a kanta, ka buga masu launi ta Epson kai tsaye, baƙi da fari su bi ta HP. Ranar da 1020 ta gaji kuma, ka nemi firintar da aka rubuta AirPrint a bayananta, wato hanyar bugawa ta Apple marar buƙatar direba, ko mai bakin netwok da ke jin PCL da PostScript irin LaserJet P2055dn. Waɗannan ba sa jiran direban kowa. Ka lura, firinta ta zama mai Wi-Fi ba ya nufin tana da AirPrint, sai ka ga kalmar da idonka.

Kafin ƙanenka ya rufe kwali, ka sa shi ya fita daga asusunsa na iCloud, ya kashe Find My mai ɗaure ta da asusun, ya goge ta, sannan ya kunna ya bi matakan farko yana jone da intanet. In ta hannu ya saya, ya lura ko wani shafi zai fito yana cewa wani kamfani ko makaranta ne ke kula da ita daga nesa. Mac mai M1 da ke ɗaure da asusun wani ba a buɗe ta da fomat, kuma ba a cire mata ma'ajiya a sauya, don a manne take da allon cikinta, haka ma RAM. In yana da halin zaɓe, ya nemo mai 16GB, domin yadda ta zo haka za ta zauna. Idan ta iso, ka ware yammaci guda da babu kwastoma, ka soka kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka sa shi ya yi ainihin aikinsa, ka kashe Mac ɗin ka kunna ka sake gwadawa, musamman firintar.